Mai shiru-shiru da mai faran-faran: wa zai ari halin wa?

Wata ranar Alhamis da dare, bayan an watse daga walimar suna a gidan wani ɗan'uwanmu a titin Mansur da ke nan Makka, yayata ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Ƙanena, ka yi wa ɗan nan naka magana. Majalisa cike da manya, ya gaisa da kowa ya sulale, sai a ɗaki na same shi. Ai sai a ce ban ba shi tarbiyya ba." Ta ɗan nisa, ta ƙara da cewa, "Ko a makaranta malaminsu ya taɓa ce mini inɗiwa'i ne, wai mai janye jiki daga mutane. Ka dubi ƙanensa mana."

Ƙanen nasa kuwa kaf unguwa an san shi. Shi ke zuba gahawa, shi ke zagayawa da dabino, ya yi wa wannan Larabcin Hijaz ya juya ya yi wa wancan Hausa. In alhazai suka zo daga gida, kafin kwana uku lambarsa ta shiga wayar rabinsu. Sai dai wata biyu kafin wannan dare, ita dai yayar tawa ta kawo mini ƙararsa shi ma: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa abin da ya fara, yakan ɗauki alkawarin mutum goma a yini guda, kuma maganar cikin gida ba ta kwana a cikinsa.

Uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, makaranta ɗaya. Na daɗe ina juya wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne mu Hausawa muna auna halitta da mudun tarbiyya. Wanda bai cika magana ba, in muna son sa mu ce natsattse ne, in ba ma son sa mu ce miskili ne ko mai girman kai. Mai yawan hulɗa, in ya yi mana daɗi mutumin mutane ne, in ya ishe mu mai rawar kai ne. Duka huɗun hukunci ne a kan kirki ko rashinsa, alhali abin da ke ƙasa bai shafi kirki ba tukuna.

Likitan ƙwaƙwalwar nan ɗan ƙasar Suwizalan, Kal Yung, shi ya yaɗa rabe-raben nan biyu a wani littafi da ya fitar a 1921: mutumin da hankalinsa ke karkata zuwa cikin kansa, da wanda nasa ke karkata zuwa waje, ga mutane da abubuwan da ke faruwa. Su ne Larabawa ke kira inɗiwa'i da inbisaɗi. Shi kansa Yung ya yi gargaɗi cewa babu mutumin da yake tsantsar ɗaya daga ciki. Binciken da ya biyo baya ya nuna abin kamar tsawon jiki ne: akwai dogo ƙwarai, akwai gajere ƙwarai, amma galibin jama'a a tsakiya suke, wani ya ɗan rinjaya nan, wani can. Saboda haka gwaje-gwajen da matasanmu ke yi a intanet, a ba mutum haruffa huɗu a ce ga irinka, suna yanka layi ne a wurin da babu layi.

To daga ina bambancin yake tasowa? A 1967 Hans Aizenk, wani masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Jamus da ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayanin da har yau ake ambato. A ganinsa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru dama can a farke take sosai, hayaniya kaɗan ta ishe ta, ita kuwa ta mai faran-faran tana neman ƙari kafin ta ji daidai. Ka ɗauki mutum biyu a gaban mai siriya, wato tsirenmu da ya zama abincin mutanen Hijaz. Ɗaya ya ce a barbaɗa yaji kaɗan, ɗaya ya ce a ƙara. Babu wanda ya fi wani son nama, harshensu ne ya bambanta. Masanan da suka zo bayansa sun fi jingina abin ga yadda ƙwaƙwalwa ke jin daɗin samu da yabo da sabon abu, suka ce mai faran-faran ya fi jin wannan daɗin da ƙarfi, shi ya sa yake bin sa. Nazarin tagwaye kuma ya nuna gado na da hannu a wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane. Jerom Kagan na jami'ar Habad ya gwada jarirai 'yan wata huɗu da sababbin sauti da abubuwan gani, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar na firgita da kuka fiye da sauran, kuma a cikinsu aka fi samun yara masu ɗari-ɗari da baƙo daga baya. Aka fi samu, na ce, domin da yawansu sun tashi ba a gane su.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Lokacin da Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais ya zo Madina, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da rashin gaggawa. A ruwayar Abu Dawud ya tambaya, ni na koye su ko Allah ne Ya halicce ni a kansu? Aka ce masa Allah ne Ya halicce ka a kansu. Ya yi hamdala. Bahaushe ma ya ce hali zanen dutse. Amma in rabi gado ne, ai akwai sauran rabi, kuma a wannan rabin aikin yake.

Kafin mu kai can, akwai wurin da nake so in daɗe, domin a nan muka fi yin kuskure a ƙasar nan. Shiru kala-kala ne, kuma ba magani ɗaya ke yi masa ba.

Akwai shirun wanda taro ke gajiyar da shi kawai. Ba ya tsoron kowa, in ka same shi ku biyu sai ku raba dare kuna hira, amma majalisar mutum talatin na zuƙe shi kamar yadda zafin watan Yuli ke zuƙe mai tafiya a ƙasa. Ɗan yayata na wannan sahu ne. Akwai shirun tsoro, na wanda yake so ya shiga mutane amma gabansa na faɗuwa, yana ganin kowa shi yake kallo. Wannan yana shan wahala a ɓoye, kuma in abin ya yi tsanani likitoci na da hanyar taimaka masa. Akwai kunya, wadda addini ya yaba, hadisi ya ce ba ta zo da komai sai alheri. Kunya ita ce ke hana ka aikata abin ƙi, ba ta hana ka tambayar malami abin da ba ka gane ba, ba ta hana ka neman haƙƙinka a wurin aiki. Mun cakuɗa ta da tsoro har yarinya takan kasa gaya wa likita inda ke mata ciwo mu ce ta cika kunya.

Sannan ga shirun da zaman baƙunci ke haifarwa. Ɗalibi ya baro Zariya ko Maraɗi, inda shi ne mai ba da dariya a cikin abokai, ya zo Jami'ar Musulunci ta Madina, Larabcin littafi yana bakinsa amma na kasuwa ya gagare shi, sai ya zama kurman ƙarfi da yaji. Kishiyarsa shi ne yaron da aka haifa a unguwar Hindawiyya ko Jarwal, Larabci ya fi masa sauƙi, in baƙi suka zo daga gida suka yi masa dariyar karyayyar Hausa sau ɗaya, ya rufe bakinsa ke nan. Akwai wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, yana gudun duk wata doguwar hira da za ta kai ga tambaya. Akwai 'yar aikin da ke cikin gida wata da watanni ba ta ga mai jin yarenta ba. Waɗannan duk ba halinsu ba ne, halin da suka tsinci kansu ne. Mafi hatsari kuma shi ne mai fara'a da ya janye jiki farat ɗaya, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, abin da yake so da ya daina burge shi. Wannan kada a ce ya natsu. Alamar ciwon damuwa ce, asibiti ya kamata a nufa da shi, tare da addu'a.

Me ya sa maganar ta fi zafi a nan fiye da gida? Domin a Saudiyya jama'arka ita ce jarinka. Aiki, ɗakin haya, wanda zai karɓi kafalarka ya tsaya maka a wurin hukuma, mai kai saƙo Kano, duk ta bakin wani ake samu. Da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Gulel, inda mutanenmu da yawa suka zauna shekaru, wanda ya san mutane ya fi saurin samun inda zai sa haƙarƙarinsa. Ga shi al'adu biyu sun haɗu a kanmu, zumuncin Bahaushe da majalisar Balarabe, kowacce tana son a gan ka a zaune. Ga garin kansa: a Hajjin 2023 mutum fiye da miliyan 1.8 suka tsaya Arfa, Ramadan kuwa ba masaka tsinke. Ma'aikaci ya yini cikin turereniya yana tura keken tsofaffi a Harami, ya koma ɗakin da suke kwana su shida. In mai shiru-shiru ne, ina zai sami wurin da zai ji numfashinsa? Ba abin mamaki ba ne ka ga ya zama mai saurin fushi, a ce baƙin hali gare shi, alhali gajiya ce da ba ta da wurin sauka.

Malamanmu sun rigayi masana na yau tattauna wannan. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan ladubban keɓewa, ya kawo amfanin keɓewa shida, ya kawo na cuɗanya bakwai, daga ciki har da koyo da koyarwa, sabawa da tawali'u, da gogewa da ba a samunta sai cikin mutane. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bai yanke wa kowa hukunci ɗaya ba. Ya ce a dubi mutumin, a dubi wanda zai cuɗanya da shi, a dubi dalilin, a auna abin da zai samu da abin da zai rasa. Ya ma tona wani asiri da ya kamata masu shiru-shiru su ji: wani yakan ƙaurace wa taro ne don girman kai, yana tsoron kada a ƙi ba shi matsayin da yake ganin ya cancanta. Kuma da gogewa yake magana. A 1095 ya ajiye kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ya tafi Dimashƙa da Ƙudus, ya zo Hajji, ya yi kusan shekara goma sha ɗaya a janye, sannan a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur.

Dutsen Nur yana nan muna ganinsa kullum. Can cikin kogon Hira Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake keɓewa darare kafin wahayi, daga can kuma aka turo shi cikin mutane. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya yi. Wani hadisin kuma ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar Lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Na farkon kamar da ɗan yayata babba ake, na biyun kamar da ƙanensa.

Daidaitawar da nake nufi ba wai kowa ya dawo tsakiya a zama iri ɗaya ba. Aro ne. Wani masani ɗan Kanada, Burayan Litil, wanda da bakinsa yake cewa shi mai shiru-shiru ne amma ɗalibai suka san shi da iya jan aji, ya bayyana cewa mutum na iya fita daga halinsa na ɗan lokaci saboda wani abu da yake ƙauna, da sharaɗin ya sami maɓoyar da zai koma ya huta. Gwaje-gwajen da aka fara wallafawa a Amurka a 2002 sun nuna cewa in aka sa mutane su yi ta magana da sakin jiki na ɗan lokaci, yawancinsu kan ji daɗi, har da masu shiru-shirun. Amma da aka ja abin har mako guda a wani bincike na Ostireliya da ya fito a 2019, waɗanda shirunsu ya yi zurfi sun ba da labarin gajiya da jin kamar ba su ba ne. Zanen aro ba ya rufe katara. A ɗaura shi a je biki, a dawo a mayar da na gida.

Ko a kasuwa, inda muke zaton mai baki ne sarki, ba haka lissafin ya fito ba. Adam Girant na jami'ar Fensilbaniya ya bi cinikin ma'aikata 340 masu tallar kaya ta waya, sakamakon da ya wallafa a 2013 ya nuna na tsakiya ne suka fi kawo kuɗi, sun zarce masu yawan surutu sun zarce masu yawan shiru. Duk wanda ya taɓa tsayawa shagon dabino ko na jallabiya lokacin Umara ya san dalili. Dole ka kira mai saye, amma in ba ka yi shiru ka ji nawa ne a hannun Hajiya da kuma mutum nawa za ta yi wa tsaraba ba, sai ta wuce shago na gaba.

Ni a ganina aikin mai faran-faran ya fi wuya, kuma shi muka fi sakaci da shi. Mai shiru-shiru kullum ana tuna masa gyaransa, uwa ta faɗa, malami ya faɗa. Shi kuwa ɗayan tafi ake yi masa, to wa zai gaya masa akwai abin da ya rasa? Yakan kai shekara arba'in bai taɓa zama da kansa ya tambayi ina ya dosa ba. Ga alkawuran da ya ɗauka don kada fuska ta ɓaci, ga bashin da ya ci don ya fita kunyar baƙi, ga maganar da ta fita ba ta dawowa, irin wadda a zaman baƙunci takan jefa wani cikin matsalar takardu ba da nufi ba. Zama da kai ba ƙaramin aiki ba ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2014 a Amurka, an bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15 babu waya babu littafi, sai wani maɓalli da ke ba da ɗan jan lantarki mai zafi. Maza 12 cikin 18 sun gwammace su latsa shi da su zauna haka nan. Mun ga irin wannan da idonmu a watan Afrilun 2020, da aka sa dokar hana fita dare da rana a Makka da Madina saboda korona. Waɗanda muke cewa su ne ran unguwa su suka fi shiga ƙunci, wasu masu shiru-shirun kuwa a lokacin suka haddace abin da suka daɗe suna buri.

Addini ya ajiye wa irin wannan mutum makaranta, i'itikafin goman ƙarshe na Ramadan. Abin takaici, sau da yawa nakan ga an mayar da shi wata majalisar, ana hira ana ɗaukar hoto har sahur.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar kowa ya canza, wato a haɗa ƙarfi. Da aka aiki Annabi Musa wurin Fir'auna, ya roƙi Allah Ya haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, ya ce ya fi ni fasahar harshe, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. Abu Zarri kuma, duk da darajarsa, Annabi ya gaya masa kada ya shugabanci ko mutum biyu, domin ya san inda ƙarfinsa yake da inda ba ya nan. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari da na ɗalibai sun cika zaɓen wanda ya fi iya jawabi, a bar wanda ya iya riƙe lissafi da sirri a bayan ɗaki. A cikin aure ma haka. Miji ya dawo daga aiki yana neman shiru, matar da ta yini tsakanin bango huɗu, danginta suna Katsina ko Damagaram, tana neman wanda za ta yi wa magana. Shi yana ganin ta cika damu, ita tana ganin ya daina son ta. Da za su faɗa wa juna a fili, ya ce ba ni rabin awa in dawo hayyacina, ta ce to bayan nan lokacina ne kuma ka ajiye waya, da rigingimu da yawa ba su kai gaban manya ba.

Da na zauna da babban, ban ce masa ya zama ƙanensa ba. Na tambaye shi me ke faruwa da shi a majalisa. Ya ce, "Kawu, wallahi ba raina mutane nake yi ba. In aka yi awa ɗaya sai in ji kaina ya cika, ban ma san me ake cewa ba." Muka yi yarjejeniya. Zai riƙa zuwa da wuri kafin a cika, ya karɓi butar gahawa, domin mai aiki a hannu ba a tsare shi da dogon surutu kuma kowa ya shaida ya gan shi. Zai zauna kusa da dattijo ɗaya ya tambaye shi labari ɗaya. In ya gaji ya je ya yi wa mai gida sallama a fili, kada ya sulale. A irin wannan zama ne wani tsoho ya ba shi labarin yadda iyayensa suka taho ta ƙasa, suka yi shekaru suna noma a Sudan kafin su tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Yanzu yaron yana bin tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya yana rubuta irin waɗannan labarai a littafi.

Ƙanen na roƙe shi abu biyu: in an nemi alfarma ya ce "bari in duba zuwa gobe" kafin ya ce to, sannan tsakanin Magariba da Isha ya bar waya a gida ya zauna a masallaci shi kaɗai. Na farkon yana yi yana mantawa. Na biyun ya yi kwana huɗu ya zo ya same ni.

"Kawu, abin nan da wuya. Da na zauna sai duk mutanen da na yi wa alkawari ban cika ba su riƙa zuwa mini a rai."

Na ce, "Su nawa ne?"

Ya ƙirga da yatsu, ya ce bakwai. Na ce ya fara da na farko gobe da safe.